Fashin baƙi: Wai mene ne ainihin ma'anar "palliative", kuma ya aka yi ta koma buhun shinkafa?

Wai shin mene ne palliative? Kyauta ce gwamnati take yi wa talaka, ko haƙƙinsa ne ake mayar masa, ko kuwa diyya ce ta tallafin man fetur da aka cire? Na yi wannan tambayar ne saboda yanzu da wuya ka zauna a majalisa ko wurin mai shayi ba ka ji an ambace ta ba, wani ya ce faliyatib wani ya ce faliyetib, tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ma za ka ji tana tambaya ko an kawo na unguwarsu. Kowa ya san kalmar, amma in ka ce a fassara maka sai a ce ai shinkafa ce da taliya, ko dubu ashirin da biyar ɗin nan da ake cewa za ta shigo waya.

Ni abin da ya sa na bi diddiginta ba siyasa ba ce tun farko. Wani kawuna ne ya kwanta da ciwon daji na hanta, bayan an gama gwaje-gwaje likita ya tara mu ya ce abin da ya rage yanzu shi ne palliative, wallahi a cikinmu akwai wanda fuskarsa ta washe, ya ɗauka wai wani tallafin kuɗi ne za a ba mu na rage kuɗin asibiti. Sai da muka fito wani ƙaninmu mai karatun aikin jinya ya ja mu gefe ya yi mana bayani. Ranar na gane cewa kalmar da muke ta maimaitawa kullum ba mu san ta ba, kuma rashin sanin yana cutar da mu ta fuska biyu, a asibiti da kuma a wurin rabo.

Me take nufi a Turancin kansa?

A Turanci palliative na nufin abin da ke rage zafin ciwo ko matsala ba tare da ya taɓa tushenta ba. Wannan sharaɗin na biyu shi ne ƙashin bayan ma'anar, in ka cire shi to ka cire kalmar gaba ɗaya. Mai ciwon haƙori ya sha fanadol ya samu ya yi barci, da safe kogon yana nan yadda yake, to fanadol ɗin nan shi ne palliative. Ranar da aka cire haƙorin ko aka cike shi, wannan kuma magani ne, sunansa daban.

Shi ya sa a bakin Bature kalmar ba ta yabo ba ce in aka fitar da ita daga asibiti. In ɗan majalisa a Ingila ya miƙe ya kira shirin gwamnati da wannan suna, to suka yake yi, yana cewa ne kun bar ciwo kuna shafa mai a kan fata. Da wuya ka ji minista a can ya kira shirinsa da kansa da wannan kalma, don kamar ya amsa laifi ne da bakinsa. Mu kuwa a nan har a jikin buhu ake buga ta, da hoton gwamna a gefe.

Gidajen rediyon Hausa sun yi ƙoƙari sosai a nan, gaskiya a yaba musu, da suka fassara ta da "tallafin rage raɗaɗi". Rage raɗaɗi shi ne daidai, ba a ce kawar da shi ba. Sai dai mu masu sauraro mun riƙe "tallafi" mun yar da sauran. Ita kuma kalmar da ta shiga bakinmu sai muka yi mata abin da muka saba yi wa baƙin kalmomi, harafin farko ya koma f kamar yadda muka samu fasinja da fensir da fakiti, na ƙarshen kuma ya koma b kamar a direba da talabijin.

Daga mayafin Rumawa

Asalinta Latin ne, yaren tsoffin Rumawa. Suna da kalma pallium, wani babban mayafi ne mai kusurwa huɗu da ake yafawa a kafaɗa a lulluɓe jiki, irin shigar Girkawa ce, an fi sanin malamai da masana falsafa da shi. Daga nan aka samu aikatau palliare, wato a lulluɓe abu da mayafi. Ta bi ta Latin ɗin likitocin tsakiyar zamani da Faransanci, ta shiga Turanci a farkon ƙarni na 15, kuma ɗaya daga cikin wuraren da aka fara ganinta shi ne fassarar littafin tiyata na wani likitan Faransa, Guy de Chauliac, wanda ya rubuta shi a 1363. Likitocin wancan lokaci sun raba jinya gida biyu, akwai wadda ke tumɓuke cuta daga saiwa, akwai kuma wadda ke lulluɓe ta kawai don mai ita ya samu sauƙi, saboda cutar ta fi ƙarfin abin da ke hannunsu.

Zuwa ƙarni na 17 kalmar ta ƙara wata ma'ana mara daɗi, wato a yi wa laifi kwaskwarima, a kawo uzuri don a rage muninsa a idon mutane. Kenan tun ɗaruruwan shekaru tana tafe da fuska biyu.

Nan ne abin ya fi ba ni sha'awa, domin Hausa ma haka ta raba lulluɓi gida biyu, kuma ta raba shi da kyau fiye da Turancin. Muna da rufin asiri, muna kuma da rufa-rufa. Duk daga "rufe" suka fito amma tsakaninsu akwai tafiyar kwana da kwanaki. Rufin asiri shi ne ka ga maƙwabcinka ba a ɗora tukunya a gidansa ba, ka aika da kwanon masara bayan isha'i ba wanda ya gani. Rufa-rufa kuwa shi ne ka ɓoye ɓarna don kar a tambaye ka. Turanci ya cusa duka biyun cikin kalma ɗaya, shi ya sa in aka ce palliative dole ka tsaya ka duba wanne ake nufi a ciki.

Akwai ma wata kamanceceniya da ta sa na yi shiru da na gano ta. Daga wannan pallium ɗin ne Turanci ya samu pall, ƙyallen da suke rufa wa akwatin gawa, har masu ɗaukar gawar ake kiransu da sunan da ya fito daga nan. Mu ma kalmar sutura da muka aro daga Larabci haka take, tufafi sutura ne, rufin asiri sutura ne, in mutum ya rasu kuma a ce an yi masa sutura. Shi mayafin na asali bai ɓace ba ma, har yau Fafaroma da manyan limaman cocin Katolika suna rataya wani siririn farin ƙyallen ulu a wuya, sunansa pallium.

Yadda asibiti ya ɗaga darajarta

Ma'anar da duniya ta fi sani yau ta fito ne daga aikin wata Baturiyar Ingila, Cicely Saunders. Ta fara da aikin jinya, ta koma aikin kula da jin daɗin marasa lafiya, daga baya ta koma makaranta ta zama likita, duk don abu ɗaya da ya dame ta, yadda ake watsar da majinyaci da zarar an ce ba zai warke ba. A 1967 ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a kudancin Landan. Abu biyu ta kawo da nake so mai karatu ya riƙe, don za mu dawo kansu.

Na farko ta ce zafin ciwo ba na jiki ba ne kaɗai. Mai jinya yana fama da tsoro, yana tunanin 'ya'yansa da bashin da ke kansa, yana tunanin haɗuwarsa da Ubangiji, duk wannan raɗaɗi ne kuma sai an dube shi gaba ɗaya. Na biyu kuma, wanda shi ne ya sauya aikin likitanci, ta ce ba a jira sai mutum ya fara ihu sannan a ba shi magani. A lissafa adadin da ya ishe shi, a ba shi a kan lokaci, bayan kowane awa kaza, tun kafin zafin ya dawo, haka kullum ba fashi. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari a kan wannan, mataki-mataki, daga irin su fanadol zuwa masu matsakaicin ƙarfi har zuwa mofin, maganin zafi mai ƙarfi sosai, gwargwadon zafin da mutum ke ji.

Shi kuwa sunan, wani likitan tiyata ɗan Kanada ne mai suna Balfour Mount ya laƙaba shi. Ya je ya ga aikin Saunders, ya koma birnin Montreal ya buɗe irin wannan sashe a asibitin Royal Victoria a 1975. Matsalarsa ita ce yankin masu jin Faransanci ne, kuma kalmar hospice da Ingilawa ke kiran irin wannan gida da ita, a kunnen mutanen can tana nufin gidan da ake tara gajiyayyu da marasa galihu. Ba ya so majinyatansa su ji kamar sadaka ake ba su, sai ya ɗauko tsohuwar kalmar nan ta mayafi. Ka ga dai, don kare mutuncin mai jinya aka zaɓe ta.

Yau reshe ne mai zaman kansa a likitanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar irin wannan kulawa duk shekara, kuma kusan kashi 14 cikin ɗari ne kawai ke samu, mafi yawan waɗanda ba sa samu kuwa suna ƙasashe irin namu. A Afirka Yuganda ta yi fice, inda wata likita Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya, ta fara wannan aiki a 1993 da ruwan mofin mai araha da ake sha ta baki, daga baya ma ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da aka horar damar rubuta shi don ƙauyuka ba likitoci.

To ya aka yi ta koma shinkafa a Najeriya?

Ba rana ɗaya abin ya faru ba. Ma'aikatan gwamnati sun daɗe suna amfani da ita a takardu, musamman a aikin hanya, in aka zuba ƙasa da tsakuwa aka cike ramuka kafin a samu kuɗin yin sabuwar kwalta sai a kira shi da wannan suna, kuma a nan sun yi amfani da ita daidai. Sannan duk lokacin da aka ƙara kuɗin mai tana leƙowa. A ranar 1 ga Janairun 2012 da gwamnatin Jonathan ta cire tallafi lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, aka yi yajin aiki da zanga-zanga har aka dawo da ita 97, an yi ta jin kalmar a jaridu tare da alƙawarin motocin safa da shirin SURE-P na yi wa jama'a aiki da rarar kuɗin tallafin. Amma a lokacin kalmar 'yan boko ce, ba ta sauko ƙasa ba.

Korona ce ta sauko da ita. A ƙarshen Maris na 2020 aka kulle Legas da Ogun da Abuja, a Afrilu Kano ta bi, mutumin da sai ya fita yake samun na cefane aka ce ya zauna a gida. Gwamnati ta yi alƙawarin fitar da hatsi daga rumbu, manyan 'yan kasuwa da bankuna suka haɗa wata gamayya mai suna CACOVID suka sayi abinci na biliyoyin nairori don a raba ta hannun jihohi. Daga nan kalmar ta daina nufin wani mataki ko dabara, ta koma abin da ake ɗauka a ka, buhu da katan da jarka.

Sai kuma Oktoban 2020, a ƙarshen zanga-zangar EndSARS, mutane suka fara gano rumbunan da aka jibge kayan. Legas, Ilorin, Jos, Kaduna, Kalaba, Yola, Jalingo, Gwagwalada, duk an fasa an kwashe, duk wanda ke da waya ya ga bidiyon mutane a kan rufin sito a Bukuru suna jefo buhuna. Gwamnoni suka ce ba ɓoyewa suka yi ba, wasu kayan ba su daɗe da isowa ba, wasu kuma an ajiye ne don masu rauni ko don in cutar ta dawo. Ko ma wanne ne gaskiya a kowace jiha, abin da ya zauna a zuciyar talaka shi ne akwai wani abu nasa da ake kira faliyatib kuma wani ya danne. Tun daga ranar kalmar take tafe da zargi a jikinta.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar a jawabin rantsuwa cewa tallafin mai ya tafi. Cikin kwana biyu lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, a Yuli ta kai 617 a Abuja, a Oktoban 2024 ta haura dubu. A watan Yunin 2023 ɗin kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Daga nan sanarwa ta yi ta biyo sanarwa, aka fara da naira 8,000 duk wata ga gidaje miliyan 12, mutane suka yi ca aka janye, aka dawo da 25,000 na wata uku ga gidaje miliyan 15, aka yi wa ma'aikatan tarayya ƙarin 35,000 na wucin gadi, a Agusta aka ce kowace jiha za ta samu biliyan 5 wanda wani kaso a ciki ma bashi ne da za ta biya. Duk sunansu ɗaya.

Wasu na cewa ai 'yan Najeriya sun lalata Turanci. Ni ban yarda da wannan ba, harshe na masu magana da shi ne, ƙamus ɗin Oxford da kansa a Janairun 2020 ya shigar da kalmomin Najeriya 29 ciki har da Kannywood da okada da danfo, daga baya ma suya ta shiga. Ba laifi ba ne kalma ta samu sabuwar ma'ana a wurinmu. Damuwata ita ce wane ɓangare na ma'anar ne ya faɗi a hanya, kuma wa ya amfana da faɗuwarsa.

Tallafi, agaji, sadaka, ba abu ɗaya ba ne

Hausar ma ta ƙara rikita mu a nan, don kalma ɗaya muke amfani da ita wa abu biyu. An cire "tallafi" an kawo "tallafi", sai kunne ya ji kamar musanya aka yi, an karɓi wannan an ba ka wancan. Alhali tallafin mai abu ne da ke cikin farashin komai kullum, yana cikin kuɗin motar da ta ɗauko tumatir daga Kadawa, yana cikin kuɗin niƙa da cajin waya da famfon mai noman rani, ko ba ka da keke kana cin moriyarsa a fakaice. Shi kuwa na rage raɗaɗin sau ɗaya ne ko sau uku, ga wanda sunansa ya fito.

Agaji kuma na wanda masifa ta afka wa ne farat ɗaya, ambaliya ko gobara ko hari, irin aikin hukumar NEMA. Sadaka da zakka daga dukiyar mutum suke fita, ita zakka ma Alƙur'ani ya ƙayyade rukunin mutane takwas da ake ba. Shi wannan da muke magana ba daga aljihun gwamna ko ɗan majalisa ya fito ba, daga baitulmali ne, kuma an kawo shi ne saboda wani zafi da matakin gwamnatin kanta ya haifar. Don haka in aka jera dattawa a rana kowa da buhu a gabansa ana ɗaukar hoto suna godiya, an juya ma'anar ne gaba ɗaya, wanda ya kamata ya ba da haƙuri shi ake yi wa godiya.

Mu auna shi da ma'aunin masu kalmar

Tun da daga asibiti aka aro ta, adalci ne a auna ta da ƙa'idar asibiti, adadin da ya isa, a kan lokaci, ga wanda ke jin zafin.

A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da tirelar shinkafa 20 ga kowace jiha, kowace tirela buhu 1,200 mai kilo 25. Buhu 24,000 kenan. Jihar Kano na da mazaɓu 484, in ka raba kowace mazaɓa za ta tashi da abin da bai cika buhu 50 ba. Ka tuna mazaɓarku, ka tuna yawan gidajen da ke layinku kaɗai. In kuma ka raba da mutane, ko da ƙidayar 2006 ka yi aiki wadda ta ba Kano mutum miliyan 9.4, kowa zai samu abin da bai kai giram 70 ba, cikin tafin hannu kenan. Biliyan 5 ɗin ma haka, a kan wannan tsohuwar ƙidayar kowa naira 530 da 'yan kai, ba ta sayen litar mai ɗaya a farashin lokacin. Sannan Kano da Bayelsa rabonsu ɗaya duk da bambancin yawan jama'a, kamar likita ne ya ba jariri da ƙato awo ɗaya.

Shi kuma zafin da ake so a rage, a watan Yunin 2024 hukumar ƙididdiga ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, kuma ita ce dai a 2022 ta ce mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama. Batun lokaci kuwa ba sai na faɗa ba, a sanar yau, kaya su iso bayan wata biyu, na gaba kuma sai Allah ya yi. Batun wa ya samu shi ne mafi ciwo, rajistar talakawan kanta gwamnoni sun ce ba su yarda da ita ba a 2023, a Janairun 2024 kuma aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu kan zargin tura naira miliyan 585 zuwa asusun wani mutum, aka tsayar da shirye-shiryen na wani lokaci.

In abu ya yi kaɗan masu nema suka yi yawa, turmutsutsu ne ke biyo baya. A Maris na 2024 ɗalibai mata biyu sun rasu a jami'ar jihar Nasarawa da ke Keffi wurin rabon shinkafa. A Disambar shekarar, cikin mako ɗaya, an rasa yara 35 a Ibadan da mutum 22 a Okija da 10 a Abuja, waɗannan ukun ba rabon gwamnati ba ne, na masu neman lada ne, amma yunwar da ta tara mutanen ɗaya ce. Allah ya jiƙansu.

Masu cewa a ci gaba da masu cewa a daina

Masu kare shirin suna da hujja kuma bai kamata a raina ta ba. Sun ce tallafin mai ya ci sama da naira tiriliyan 4 a 2022 kaɗai, bashi ake ci ana biya, masu motoci da yawa da masu fasa-ƙwaurinsa zuwa maƙwabta su suka fi cin moriya, cire shi kamar tiyata ce, kuma ba a yin tiyata ba maganin zafi. Matatar mai da motoci masu aiki da gas da gyaran noma duk suna ɗaukar lokaci, mai jin yunwa kuwa ba ya jiran shekara. Uwar da ta samu kwano biyar ta ciyar da marayu kwana huɗu ba za ka ce mata ba komai ba ne, da babu gara ba daɗi.

Masu suka kuma sun ce in tiyata ce to ai kafin a sa wuƙa ake tanadar allurar, ba a fafe gora ranar tafiya. Sun ce kuɗin da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai bayan cire tallafin, me ya hana a sa shi inda kowa zai amfana ba sai ya san kansila ba, motar haya mai rahusa, taki a kan kari, magani a asibitin unguwa. Dattawa har yau suna tuna PTF ta zamanin Abacha, wadda aka kafa da rarar ƙarin kuɗin mai, ba don ba ta da nata matsalolin ba, sai don an ga hanya an ga magani da tambarinta a jiki.

Ni a nawa ganin ba rage raɗaɗin ne laifi ba, aiki ne mai daraja in an yi shi da gaskiya. Likitan da ya ce maka palliative ya gaya maka gaskiya biyu a kalma ɗaya, ba zan iya warkar da wannan ba, amma ba zan bar ka kana shan wahala ba. Gwamnatin da ta ari kalmar ta ɗauki nauyin duka biyun, kuma tana da ƙarin tambaya a kanta wadda likitan mai ciwon daji ba shi da ita, domin tsadar rayuwa ba cuta ce mara magani ba. In yau shekara da shekaru ana rage raɗaɗi, ina maganin, yaushe za a fara shi, kuma da me za mu gane yana aiki? Wannan ita ce tambayar da kalmar ke ɗauke da ita a cikinta, ita ce kuma muke mantawa mu yi in muka ɗauka sunan shinkafa ne kawai.

In ka ji ta a bakin likita

Na dawo inda na faro don nan ne aka fi yin asara a ɓoye. Iyali da yawa in suka fahimci abin da likita ke nufi sai su ji kamar an kore su ne, su naɗe tabarma su koma gida, mara lafiya ya kwana yana juyi har asuba, ko kuma a sayar da gona da shanu a bi masu cewa suna da maganin daji a kwalba. Alhali ba sallama ba ce. Ba ma sai wanda ya kusa rasuwa ake yi wa ba, ana haɗa ta da maganin cutar kanta tun da wuri, ga mai sikila da mai ciwon ƙoda da mai ciwon zuciya da ya yi nisa. Rai kuma a hannun Allah yake, likita iyakar iliminsa ya faɗa.

Akwai kuma tsoron maganin. Saboda ɓarnar da tiramol da kodin suka yi wa matasanmu, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, mutane na jin an ce mofin sai su ce a'a kar a mayar mana da tsoho ɗan ƙwaya. Shan ƙwaya don maye daban, awon da likita ya ƙayyade wa mai ciwon daji yana bibiya daban. Ba kowane asibiti ke da sashen ba, amma manyan asibitocin koyarwa su ne wurin fara tambaya, kuma haƙƙinku ne ku tambaya, wane magani za a ba shi na zafi, bayan awa nawa, in ya ƙare a ina za mu samu, wa za mu kira in dare ya yi abin ya tashi.

Mu da muka koma muka yi waɗannan tambayoyin, an rubuta wa kawu maganin ruwa da ake ba shi duk bayan awa huɗu, aka koya wa matarsa yadda za ta auna da yadda za ta riƙa juya shi don kar bayansa ya yi gyambo. Ya yi sati bakwai a ɗakinsa, yana barci, yana sallah a zaune daga baya a kwance, ya kira waɗanda ke binsa bashi ɗaya bayan ɗaya aka biya su a gabansa, ya rasu ranar wata Alhamis bayan la'asar jikokinsa na wasa a tsakar gida.